Dutsen Inna na Biyu

Zuwa ga ƙanwata Fes-fes,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Baba kun tashi lafiya. Ni na sauka lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura sun yi suntum, kwana biyu a mota ba wasa ba. Sun ba ni ɗaki a bayan makarantar kuramen da muke kwas ɗin: gado ɗaya, taga ɗaya, da famfo mai ɗiga. Waya ba ta kamawa a nan sai an hau tudu, shi ya sa na roƙi Direban babbar motar da ta kawo ni ya riƙa kai mana wasiƙu, ya kuma yarda.

Har yanzu ban san da wane baki zan gode miki ba. Kakata da kakarki ne suke uwa ɗaya uba ɗaya, a wasu gidajen irin wannan zumuncin sai an yi rasuwa ake tunawa da shi. Amma kika ɗauko akwatinki kika tare a gidanmu don in samu in yi wata shidan nan.

To, ga babbar maganar: Tsohuwa. Kada ki yi dariya, haka Inna take kiran ƙatuwar kwalbar nan ta bayan ƙofar kicin, kuma ruwan da ke cikinta ya girme mu ni da ke. Tun da Inna ta rasu Baba ya kwanta ciwo, abinci ba ya wuce masa sai an ɗora masa cokali ɗaya na tsimammen ganyen nan a gefen kwano. Likitansa ya ce ba laifi, yana gyara ciki yana sa cin abinci, amma cokali ɗaya tak saboda gishirin, kuma ba a fasa ƙwayoyinsa.

Duk sati ki sayo na'ana'a da ɗoɗɗoya da faski. Ki wanke, ki bar su su tsane, ki yayyanka da ɗan tafarnuwa da citta, ki cusa a ƙaramar kwalba ki zuba ruwan gishiri. Sai ki ɗebo ludayi guda daga Tsohuwa ki zuba a kai, shi ne irin. Abin da kika ɗiba ki mayar mata da sabon ruwan gishiri da ɗan ganye, abincinta ke nan. Ki danne ganyen da dutse kada ya leƙo sama. Duwatsun Inna biyu ne, ɗaya ya ɓace mini a hayaniyar haɗa kaya, ki yi maneji da wanda ya rage. Murfi kuwa ki ɗora shi kawai, kada ki ɗaure, don numfashi take yi. Ta taɓa fasa wa Inna kwalba saboda an ɗaure mata baki.

Ita kaɗai ta rage mana, Fes-fes. In ta mutu, hannun Inna ya bar duniya ke nan. Amana na ba ki.

Ki gaishe mini da Baba, ki ce ya rage rigima.

Yayarki,
Malama

*

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Mun samu wasiƙarki, na karanta wa Baffa sau biyu, ya ce wa yake rigima in ba ke ba. Lafiyarsa da sauƙi sosai. Jiya ma ya sa na fito masa da akwatin kayan gyaran agogonsa, ya kwance agogon bango ya baza a kan tebur, ya ce yana latti da minti huɗu. Yanzu ba ya latti, ya tsaya cak.

Yana cin abinci. Shinkafa, dankali, ko burodi da ƙwai, in dai da cokalin nan a gefe sai ya share kwanon. Yakan fara sunsunawa tukuna, ya lumshe ido, sannan ya ci. Har yanzu "yarinyar nan" yake ce mini. Yarinyar nan kawo ruwa, yarinyar nan ina tabarona. Ban damu ba, na san ba raini ba ne.

Aiki na nan yadda kika sani. Daga safe zuwa la'asar ina tsaye a ɗakin baya na asibitin haƙori, ina wanke ƙarafan da aka cusa a bakin mutane, ina jera su a tukunyar dafa kayan aiki. Likitanmu ya ce a shekara bakwai ba a taɓa samun ko ɗigo a abin da ya bi ta hannuna ba. To ki yi tunanin yadda nake ji duk sati in na buɗe kwalbar da ake kiwon tsami a ciki da gangan. Amma ina yi, ban taɓa tsallake sati ba.

Abu ɗaya ne ya tayar mini da hankali. Shekaranjiya na ga wata farar yana ta rufe saman ruwan Tsohuwa, kamar ta madarar da ta huce. Ba ki faɗi wannan a wasiƙarki ba. Funfuna ce? Ina tsoron in ba Baffa abin da zai kwantar da shi. Ba na son in tambaye shi, kin san yadda yake in an taɓo maganar Inna. Na hau kiran wayarki ba ta shiga. Don Allah ki ba Direba amsa a wannan zuwan, kada ki bari sai na gaba.

Ƙanwarki,
Fes-fes

*

Fes-fes tawa,

Ina gaishe ku da kyau. Ki yafe mini, na san sati shida ke nan. Jarrabawa ce ta sha kaina, Direba ya zo sau biyu yana bugun ƙofa ina aji. Na ji daɗin labarin agogon, ki bar shi ya yi ta kwancewa, ya fi zaman shiru.

Farar yanar nan ba komai ba ce, ke dai da tsoro! Takan yi haka in an yi zafi. Ki sa cokali mai tsabta ki yaye ta ki zubar, ki goge bakin kwalbar, shi ke nan. In kin ga baƙi ko kore mai gashi-gashi, wannan ne abin gudu. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne kai ta kusa da wuta. Na san ki da tafasa komai, har maɓallin riga, shi ya sa nake ja miki kunne. Abin da ke aikin a cikin ruwan mai rai ne, zafi kashe shi yake yi.

Yaran nan sun shiga raina. Akwai wata da ta shekara tara ba ta san tana da suna ba, ranar da ta fara nuna shi da yatsunta sai da na fita waje na share hawaye. Shugabar makarantar ta ce in ƙara wata uku in kammala kashi na biyu. Na amsa, na san ba za ki ƙi ba.

Kewar gida na damuna, amma da sauƙi, don ko a nan ƙamshin Inna ne yake tashina da safe.

Yayarki,
Malama

*

Yaya,

Mun samu taki. Kowa lafiya. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Na gane bayanin yanar. Tsohuwa tana nan a wurinta a bayan ƙofa. Ana ɗora wa Baffa cokalinsa kullum, yana kuma shan ƙwayoyinsa a kan lokaci. Cin abincin ya ɗan ragu, ina jin zafin gari ne.

Wata ukun ba komai, tunda kin riga kin amsa.

An gyara matakalar bene. Matar mai shagon ƙasa ta haihu, namiji. Direba yana jira, sai wani jiƙon.

Fes-fes

*

Fes-fes,

Ina fatan kuna lafiya, ko da yake yanzu ban san me "lafiya" take nufi a bakinki ba.

Wata biyar kina aiko mini da wasiƙu masu layi shida. An gyara bene, an yi ruwa, Tsohuwa tana bayan ƙofa. Na ɗauka gajiya ce. Yau Direba ya miƙo mini ambulan ɗinki, sannan ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ya ce Baba ne ya soka masa a hannu kina kicin. Bayan takardar magani ce, da rubutunsa mai rawa. Ga abin da ya rubuta, ban ƙara ko wasali ba:

"Ki gaya wa yarinyar nan ta daina wahalar da kanta. Wannan ba na uwarki ba ne. Khal ne. Ni ba zan iya faɗa mata ba."

Na zauna a bakin gado. Na tsare Direba da tambaya, ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce agogon hannun Baba yanzu har gwiwar hannu yake zamewa, ya ce da ƙyar ya gane shi.

Khal, Fes-fes? Ruwan khal na shago kike zuba wa ganye ki ba ubana a matsayin na Inna? Ina Tsohuwa? Me kika yi mata, kuma yaushe?

Ba ɓarnar ce ta fi ƙona mini rai ba, kowa yana kuskure. Rufa-rufar ce. Kin dube ni ta takarda sau goma kin ce tana bayan ƙofa. Na ba ki ubana, na ba ki abu ɗaya da uwata ta bari mai rai, na juya baya hankalina kwance, ina ba mutane labarin irin 'yar'uwar da Allah ya ba ni. Ashe dariya ma ya kamata su yi mini. Kin ci amanata, kuma kin bar tsoho yana ramewa don kada a ga laifinki.

Ki ba ni amsa ta gaskiya, ko layi ɗaya ne.

Malama

*

Yaya Malama,

Gaisuwa. Baffa ya tashi da ɗan ƙarfi yau, ya sha shayi rabin kofi. Gaskiya kika nema, ga ta, ba kuma layi ɗaya ba ce.

Na jira amsarki sati biyar. Yanar tana ƙara kauri, ni kuma kullum ina ɗibar abin ina ba mutumin da ciwo ya riga ya cinye rabinsa. A wurin aikina in abu ya yi shakka ba a tsayawa kallonsa. Ranar wata Asabar na juye Tsohuwa a tukunya na tafasa ta minti ashirin, na dafa kwalbar, na dafa dutsen, na mayar da komai fes. Har daɗi na ji, wallahi, na ce na ceci amanar Yaya. Sati ya zagayo, ko kumfa ɗaya ba ta taso ba. Ganyen da na zuba wa irin ya yi laushi ya yi wari. Sannan wasiƙarki ta iso, mai cewa kada a kai ta kusa da wuta.

Na karanta ta a tsaye a kicin. Kin ce in ta mutu hannun Inna ya bar duniya. To ni na kashe ta, da hannun nan da ake yabo. Na gwada tayar da sabuwa da gishiri kawai, sau tara. Takan yi tsami, amma Baffa ya sunsuna ya ture. Da na sa khal ya ci cokali biyu-uku na abinci, sai na riƙe wannan. Na yi miki ƙarya, ban musa ba. Kunya ce da tsoro. Kuma yau na ji cewa tun cokalin farko ya sani, ya yi ta haɗiya don kada in ji ciwo. Wannan ya fi zaginki yi mini zafi.

Yanzu saura taki gaskiyar.

Da Direba ya kawo wasiƙarki ya ga idona, sai ya ce, "Ke kuwa me ya yi zafi? Ba sai ta aiko muku daga nata ba?" Na ce wane nata? Ya ce, "Robar da ke kan tagarta mana, mai dutse a ciki. Duk sanda na je karɓar wasiƙa ɗakin nan ƙamshi yake kamar gidanku na da."

Na koma na ɗauko wasiƙunki. Dutse ɗaya ya ɓace a hayaniyar haɗa kaya. Ko a nan ƙamshin Inna ne yake tashina da safe. Ni wawiya da na karanta wannan layin har tausayinki na ji, na ce kewa ta sa Yaya tana jin ƙamshin da babu shi.

Kin raba Tsohuwa biyu kin tafi da rabi, sannan kika rubuto mini cewa ita kaɗai ta rage. Me ya sa? Don in ji tsoro in kula da ita da kyau? To na ji tsoron. Tsoron ne ya sa na tafasa ta, shi ya sa na rufe bakina wata biyar. Da kin ce mini akwai wata a wurinki, da a ranar zan rubuto in ce Yaya na yi ɓarna, a kawo iri. Da Baffa bai rame haka ba. Na yi ta kukan abin da yake zaune lafiya lau a kan tagarki yana shan iska.

Kin ce wata shida. Yau wata goma sha ɗaya. Ni nake juya shi, ni nake yanke masa farce, ni na ƙara wa madaurin agogonsa huda uku.

Ba na neman ki ba ni haƙuri. Ki kawo irin. Ke kika koya mini ba a ɗaure mata baki, don haka ba kayan da za a jefa a bayan mota ba ce, sai mutum ya riƙe ta a cinya yana sassauta murfin a hanya. Ki ɗauko ta ki zo. Ba don ni ba. Da bakinsa bai ce ki zo ba, amma duk ranar zuwan Direba sai ya sa na zaunar da shi yana kallon ƙofa.

Ƙanwarki duk da haka,
Fes-fes

*

Fes-fes,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Na karanta wasiƙarki. Eh, na ɗebi rabi. Na kasa tafiya ba tare da wani abu na Inna ba, na kuma ji kunyar a ce na rage wa mara lafiya abinsa, sai na ce dutsen ya ɓace. Daga nan ƙaryar ta yi ta tafiya da kanta. Ki yafe mini kalaman da na faɗa miki.

Akwai abin da ban gaya muku ba. Sun ɗauke ni aiki a nan tun wata biyu da suka wuce, aji guda aka damƙa mini. Sabon ma'aikaci ba ya samun hutu sai ya cika wata shida. In na taho yanzu wata za a ba ajin, yaran nan kuwa sun fara sabawa da hannuna. Ki fahimce ni. Da zarar an ba ni hutu zan zo.

Ga irin nan na ba Direba gaba ɗaya, ban rage ko cokali ba, da dutsen. Na ɗaure murfin sosai na naɗe da zanena don kada ya zube masa a kaya. Kwana biyu ne kawai, in sha Allahu ba abin da zai faru.

Ki karanta wa Baba inda na gaishe shi. Sauran ki bari sai na zo na faɗa masa da kaina.

Yayarki,
Malama

*

Malama,

Muna lafiya. Saƙonki ya iso ranar Talata.

Tun daga ƙasan bene na san abin da ya faru, don Direba yana hawowa yana faɗa, wai an ɓata masa buhunan mutane. Motar ta lalace a hanya, kwana uku suka yi cikin rana. Robar ta kumbura ta tsage daga murfi har gindi. Zanenki ya sha ruwan sharkaf, ganyen ya watse a cikin kwalin. Ke da kika rubuta mini da hannunki cewa numfashi take yi.

Baffa yana zaune a kujerarsa yana kallon ƙofa, na sa masa farar rigarsa tun safe don ya ce yau da baƙi. Direba ya shigo ya ajiye kwalin. Baffa ya dubi kwalin, ya dubi bayan Direba, ya daɗe yana duban matakalar. Sannan ƙamshin ya kai gare shi. Ya kira sunan Inna, sunanta na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Direba ya daina faɗan, ya fita a hankali.

A kusurwar robar na samu abin da bai fi cokali uku ba. Na tace shi da ƙyalle mai tsabta. Duk jikina yana ce mini in ɗora a wuta, abin da ya kwana uku a bayan mota. Na sunsuna, na ɗanɗana da kaina, na jira kwana guda in ga ko cikina zai juya. Sannan na yanka na'ana'a da ɗoɗɗoya da faski, na zuba ruwan gishiri, na juye cokali ukun nan a kai, na ɗora murfi ban ɗaure ba. Kwana biyu shiru. A na uku ina shirin fita aiki na ga kumfa ɗaya ta taso daga ƙarƙashin dutsen, wata ta biyo ta. Na makara aiki ranar, karo na farko a shekara bakwai.

Jiya na ɗora masa cokali ɗaya a gefen shinkafa. Ya sunsuna, ya lumshe ido, ya cinye tas. Wasiƙarki tana aljihuna, na karanta masa gaisuwar tun ranar da ta zo, ina jiran ya tambayi sauran. Ya miƙo mini kwanon ya ce, "Ƙaro mini, 'yata."

Na ƙaro masa. Bai tambayi sauran ba.

Na wanke zanenki, Direba zai kawo miki. Dutsen ba zai dawo ba, yana cikin kwalba tare da ɗan'uwansa. In an ba ki hutun, ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. In kuma ƙamshin Inna kike so, kin san inda yake.

'Yar Baffa